Kakana, Mai Kwashe Kwatar Layinmu

Shirun kwata ne ya fara faɗar min da gaba. Tun da na yi wayo, in dai damina ta sauka, ƙarar shebur ɗin kakana ce ke tashe ni daga barcin bayan asuba. Ya kankaro yashi, ya watsa gefe, ya yi tari, ya sake kankarowa. Ran nan an kwana ana ruwa. Na buɗe ido na ji babur ɗin maƙwabcinmu yana ƙin tashi, na ji manyan motocin dutse suna gangarowa daga saman Mpape, amma ban ji shebur ba. Na zuba masa koko na nufi ɗakinsa. Kullum kafin in ƙarasa sallama yake tare ni da tsiya, wai amarya yau ma da ragowar jiya za a ciyar da shi. Na yi sallama har na ƙarasa ta. Na ɗaga labule na same shi zaune a kan sallaya, ya jingina da bango, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Ban san lokacin da kofin ya bar hannuna ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina rubuta wannan ne don garin nan ba ya riƙe mutum. Inda ake rushe unguwa da safe, kafin yamma an fara sayar da katin waya a kan ɓaraguzanta, wa zai tuna da wani tsoho mai shebur? Ni ba marubuciya ba ce, sakandare kawai na gama. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Kafin azahar layinmu ya cika, ba masaka tsinke. Madam mai ɗinki, 'yar ƙabilar Ibo da ta fi kowa daɗewa tana haya a gidan kakana, ta zube a tsakar gida tana birgima, sai da Umma ta bar nata kukan ta riƙe ta. Ta kamo ni ta rungume tana cewa, "Yarinya, kai kada ka yi kuka, Baba ya tafi wurin mai kyau," alhali ita ta fi ni kukan. Direban tifa Bayarabe da ke ɗakin ƙarshe ya ƙi ba kowa kafaɗar makara har maƙabarta. Bafulatanar da ke ajiye ƙwaryar nononta a zaurenmu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kayanta a ka, ta daɗe tana kallon kujerar kakana, ta juya ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba. Mai unguwa, dattijon Gbagyi wanda a hannunsa kakana ya sayi filin, ya zauna a tabarma. Da zai tashi ya ce wa liman, yau layi ya zama maraya.

Baffa, ƙanin babana, ɗa namiji ɗaya da ya rage wa kakana, ya iso daga Kano bayan an dawo daga jana'iza. Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, wannan kam na gani da idona. Goggo kuwa, ƙanwar Baffa da ke aure a Mararaba, ko ɗigon hawaye ban gani ba. Ta shigo ta ɗaure gyale a ƙugu ta hau yi wa masu girki faɗa wai shinkafa ta caɓe. Tun ina ƙarama nake tsoronta. In ta kalle ni sai in ji kamar na yi sata.

Ranar sadakar uku ina bayan labule ina miƙa kwanuka na ji wata cikin baƙin Kano tana tambaya, wace ce wannan doguwar. Aka ce mata jikarsa ce, 'yar ɗansa marigayi. Ta ce Allah sarki, ashe ita ce ba ta da gado, tunda ubanta ya riga ubansa. Ta faɗa ne kamar mai cewa hadari ya haɗo. Na san hukuncin, an koya mana a Islamiyya, har na ci shi a jarrabawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa da ni ake ba. Babana ya rasu a hatsarin mota ina firamare, kakana ya kwaso mu ni da Umma ya sa mu a ɗakuna biyu na gaba, waɗanda ke jikin zaure suna kallon layi. A nan na girma. Ranar sadakar nan na gane cewa ko ƙusa ɗaya ta gidan ba tamu ba ce. Magada biyu ne, Baffa kashi biyu, Goggo kashi ɗaya.

Bari dai in ba da labarinsa tukuna, don shi na zauna rubutawa.

Kakana ƙusa da kwanon rufi yake sayarwa a kasuwa tun ana kafa garin. Da soja suka sauka farar hula suka hau, Abuja ta fara cika kamar an ɓalle madatsar ruwa. Ana ta rusau a cikin gari, mutane suna ta hawowa dutsen Mpape neman wurin sa haƙarƙari. Duk mai ɗan fili sai ya jera ɗakuna kamar akurkin kaji. Shi ma ya gina, amma abin da abokansa suka sa a ƙarin ɗaki, shi a kwalbati ya sa, da kwata mai siminti tun daga ƙofarmu har bakin titi, ta bi ta ƙofar gidaje da yawa da ba nasa ba. Suka riƙa yi masa dariya wai ya zama gwamnati. Sai ya ce musu bulo ko'ina bulo ne. Ɗan haya ba ɗaki yake kamawa ba, hanyar zuwa ɗakin yake kamawa.

Yakan ba ni labarin yadda ya zaɓi filin. Wai bai fara kallon filin ba, mutanen wurin ya yi ta zuwa kallo, da safe, da tsakar rana, da ranar da ake ruwa don ya ga inda ruwan ke bi. Ya ce in kina son sanin unguwa kada ki tambayi dillali. Ki duba ƙofar ɗakuna, ana barin takalmi a waje? Mace takan yi shanya ta tafi kasuwa? Akwai tsofaffin mata zaune a ƙofar gida suna sa ido? Mai kanti da hannu yake miƙo miki sabulu ko ta cikin ƙarfe? Ina jin wannan a matsayin surutun tsofaffi. Har nakan ce masa, tsoho, ka bari in yi karatuna.

Gidansa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shan fenti ba. Umma ta yi magana har ta gaji. Cewa yake fenti kwalliyar mai sayarwa ce, shi kuma ba sayarwa zai yi ba. Taurin kai gare shi, ba zan ɓoye ba. Ƙirjinsa ya daɗe yana damunsa, aka yi aka yi ya je asibiti, ya ce ya ga abokansa da aka kai da ƙafarsu aka dawo da su a kwance.

Shekarar da na shiga babbar sakandare wasu samari suka mayar da kwanar layinmu wurin zama. In 'yan mata za su wuce sai fito da maganar banza. Na dawo ran nan ina kuka. Na ɗauka zai fita da sanda. Sai kawai ya ɗauki kujerarsa da rediyonsa ya je ya dasa a tsakiyarsu, ya yi musu sallama, ya ƙure labarai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Yana tambayar kowa sunan ubansa da garinsu, yana ba su labarin farashin ƙusa a zamanin da. Wanda ya kunna taba sai ya ce masa ɗana, matsa can, ƙirjina. Kafin wata ya ƙare kwanar ta watse. Ya dawo da kujerarsa zaure yana cewa yaran zamani ba su iya hira ba.

Ba ya ba mutum ɗaki sai ya je unguwar da mutumin ya baro. Ya hau mota har Karshi, har Bwari, ya zauna wurin mai shayi, ya tsaya wurin matan da ke layin famfo, ya ji yadda mutum ya zauna da maƙwabta. Ba ruwansa da addininka ko yarenka. Wannan ɗabi'ar ce ta haɗa shi da Goggo. Ta kawo masa wani abokin mijinta, mai sutura, zai biya hayar shekara biyu a dunƙule. Kakana ya ce a ba shi kwana biyu. Ya je Nyanya ya dawo ya ce ɗakin ba na bayarwa ba ne. Goggo ta ce ya faɗi abin da ya jiyo, ya ce ba a ba shi sirrin mutum don ya raba ba. Ta ce ya kunyata ta a gaban mijinta. Ya ce gara ɗaki ya kwana da ƙadangare da ya kwana da wanda zai kori sauran 'yan haya. Ta ɗauki jakarta. Daga ranar sai da sallah take zuwa, ta gaishe shi a tsaitsaye. Ta gina nata gidan hayar a Mararaba, da fenti da tayil, ta damƙa wa ejan mai zuba 'yan haya. In an ambace ta yakan ce, ai ita ta ɗauko ni.

To, shi ke nan mutumin da muka binne.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, Umma ta tafi kasuwa, ina ni kaɗai, wata baƙar jif ta shigo layinmu. Ba a saba ganin irinta ba, har yara suka biyo ta. Baffa ne da dillali da wani mai ƙaton ciki da yaransa biyu. Ta taga nake jin dillalin yana zuba: oga duba layin nan, babu irinsa a duk Mpape, mota tana shiga har ƙofa, ruwa ba ya kwanciya, ba a taɓa fasa ɗakin kowa ba, baƙonka zai ajiye mota ya yi barci. Duk abin da ya lissafa aikin kakana ne. Da layin ya lalace kamar na bayanmu, ba wanda zai hawo dutse da jif ya taya gidan da ko fenti babu.

Yaran suka shigo ɗakinmu da abin awo ba sallama. Ɗaya ya taka sallayar Umma da takalmi. Ɗayan ya miƙa min bakin awon wai in riƙe masa a jikin bango. Na riƙe, don ban san yadda ake ƙi ba. Ya dube ni tun daga ƙafa har ka, ya yi murmushi, ya ce, "Ke ma a cikin kayan gidan kike?" Baffa yana tsakar gida, bai ji ba. Da suka fita na sa sakata na zauna a bayan ƙofa, a nan Umma ta same ni.

Kafin yamma labari ya gama layi. Otal mutumin zai yi, irin wanda ake kama ɗaki na awa ɗaya ko biyu. Ɗakunanmu da zaure za a fasa a haɗe su zama wurin shan giya, don su ke kallon hanya.

Ba zan zalunci Baffa a rubutun nan ba. Ya zauna da Umma ya yi mata bayani da ladabi, yana kiranta matar yaya kamar yadda ya saba. Ya ce gidan ba shi da takardar gwamnati, ta mai unguwa ce kawai, kuma kowa ya san ranar da masu jan fenti, ma'aikatan da ke sa wa gidaje alamar rusau, suka hawo Mpape ba wanda za a biya. Gara a sayar tun yana tsaye. Shi yana Kano, ba zai iya bin 'yan haya ba, ga yara a makaranta. Ya ce zai ba mu abin da za mu kama ɗaki. Umma ta ce Allah ya saka da alheri. Me za ta ce?

Masu gidajen layin suka taru suka sami Baffa. Suka ce in otal ya shigo, duk mai iyali zai kwashe 'ya'yansa, su kuma sai dai su zuba wa gidajensu duk wanda ya zo. Ya ce ya ji, amma haƙƙin magada ne. Suka je wurin mai unguwa, ya ce ba ya shiga tsakanin mutum da gadon ubansa. Madam mai ɗinki ta fara tambayar ɗaki a wani wuri. Na ɗauka ai Goggo ta fi kowa son a rabu da gidan da aka ƙi baƙonta.

Abin da Baffa zai ba mu wuri ɗaya kawai zai iya kama mana ɗaki, can sama kusa da inda ake fasa dutse. Muka je gani ni da Umma da hantsi. Tun daga inda babur ya sauke mu idona ya fara yin abin da ban sa shi ba. Ba takalmi ko ɗaya a ƙofar kowa. Wata mata ta yi shanya ta zauna a ƙarƙashin igiyar tana gadi. Mai kanti ta wata 'yar kafa a jikin ƙarfe yake miƙo kaya. Ba tsohuwa ko ɗaya a waje, sai samari a kan tulin duwatsu, suka daina magana da muka zo wucewa, suka bi mu da ido. Ɗakin da aka nuna mana bangonsa ya tsage, hannuna zai shiga. Muna ciki aka busa jiniya, sai ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufi a kan gyalena. Mai gidan ko gezau, ya ce za mu saba. Da za mu fito wata maƙwabciya ta ja Umma gefe ta tambaya ko 'yarta ce ni. Ta ce, "In kin tafi kasuwa ki riƙa tafiya da ita." Umma ta kama min wuyan hannu har sai da ya yi shati.

Daga ranar barci ya ƙaurace min. In mota ta tsaya a layi sai in tashi in leƙa ta taga. Umma ta sayo manyan jakunkunan leda ta fara ɗaure kaya kaɗan-kaɗan, wai kada ranar ta zo a ga muna rawar jiki a gaban mutane. Na riƙa jin haushin kakana, Allah ya yafe min. Mutumin da ya hango inda ruwan sama zai bi, bai hango inda za mu bi ba?

Bayan sadakar arba'in aka kira malamin da zai raba gado. Suka zauna a zaure bayan azahar, shi da Baffa da Goggo da liman da mai unguwa. Mai jif yana waje a cikin motarsa yana jira. Umma ta tafi ɗakin Madam don ba za ta iya zama ba. Ni ina ɗakinmu a tsakiyar ƙullin kaya, bango ɗaya ne tsakanina da su. Ina jin muryar malam yana karanto ayoyi, sai ta Baffa a hankali, sai na ji ta Goggo ta tashi. Ban ji kalmomin ba. Na ji Baffa yana cewa ki yi wa Allah, ki yi wa Allah. Aka daɗe. Can na ji an buɗe ƙofar zaure, an yi magana a waje, an buga ƙofar mota da ƙarfi, jif ta tashi. Na ce shi ke nan, an gama ciniki, ya tafi kawo kuɗi.

Ana kiran la'asar Goggo ta bankaɗa labule ta shigo. Na miƙe tsaye. Ta dubi jakunkunan ta ce wannan wane irin hauka ne, ina uwarki. Na ce tana ɗakin Madam. Ta zauna a bakin gado ta cire takalmi tana murza ƙafa.

Ta yi maganar ne tana kallon bango, kamar ba da ni take ba. Ta ce ta ƙi karɓar kasonta a kuɗi, ta ce a yanka mata shi a gini, kuma ɗakunan gaba da zaure take so. Malam ya auna ya ce ya yi daidai da kashi ɗaya cikin uku. Mai otal kuwa gaban gidan yake nema, da aka ce babu sai ya ce ba ya sayen gida marar fuska. Baffa zai riƙe ɗakunan baya ya ci gaba da karɓar haya, tunda ƙofa ɗaya ce kuma ta zaurenta ake bi.

Goggo ta juyo ta harare ni.

"Kada ki ɗauka don kyan fuskarki ne. Gidana na Mararaba, bara aka buɗe irin wannan otal ɗin a jikinsa. Masu iyali duk sun tashi. Waɗanda ejan yake zuba min yanzu har ƙofar bayi sun cire sun sayar. Tayil ɗin yana nan yana ƙyalli, ba mai so." Ta ja tsaki. "Kuma in na ji kin ce wa wani na ce tsoho ya yi gaskiya, sai na yanke miki harshe."

Na ce to, Goggo.

Ta ce tana bukatar wanda zai zauna a gaba ya san mai shiga da mai fita, kuma ba ta ga wanda ya fi Umma sanin mutanen layin ba. In masu jan fenti sun zo, wannan na Allah ne, zai same mu gaba ɗaya. Amma ban da shi, muddin tana numfashi ba mai sake shigowa ɗakin nan da abin awo.

"Ba inda za ku. Kin ji ko sai na rubuta miki? Kwance kayan nan."

Na durƙusa gaban jakar farko na kama igiyar. Umma ta ƙulle ta tamau. Na ja, na sake ja, hawaye ya rufe min ido. Goggo ta sauko daga gadon ta ture hannuna, ta sunkuya ta kama ƙullin da haƙori. Sai a lokacin na ga fuskarta jiƙe take. Ta tofar da zaren igiyar ta ce, "Allah ya jiƙan tsohon nan. Ya tafi ya bar mu da aiki."

Na ce amin.